Inda kuɗin gini ke zurarewa: lissafin buhu, mita da lokaci daga Ngaundare zuwa Kusiri

Mai gini a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yana iya shafe rabin yini a shagon kayan gini yana ciniki don a rage masa sefa 100 a kan buhun siminti. In ya yi nasara a kan buhu 400, ya tsira da sefa 40,000. Shi ɗin ne kuma zai bar magini ya ɗora bango a karkace, in aka zo filasta ta cinye masa buhu 30 da ba su cikin lissafi, bai ma san an yi ba. Farashi kowa na ganinsa, tunda a bakin mai shago yake. Adadin kayan da aikin ya ci, da tsawon lokacin da ya ɗauka, su ne ba a gani sai aljihu ya ƙone. Don haka duk mai son riƙe kuɗin gini, gidan kansa ne ko kwangilar gwamnati, ya fara riƙe lissafinsa da buhu da mita, sannan ya mayar da shi sefa.

Takardar ƙiyasi

A wurin aiki ana ce mata debi. Mafi yawan waɗanda ake miƙa wa masu gida ba su wuce layi biyar ba: harsashi kaza, bango kaza, rufi kaza, jimla kaza. Wannan ba ƙiyasi ba ne, tayi ne. Ƙiyasi na gaskiya kowane layi nasa yana ɗauke da abu huɗu: aikin da za a yi, ma'auninsa, yawansa, da farashin guda. In babu yawa a rubuce, ranar da magini ya ce siminti ya ƙare ba ka da abin da za ka riƙe shi da shi.

A ɗauki gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 12. Bangon kewaye mita 44 ke nan, a ce bangayen ciki sun kai mita 36, jimla mita 80. Tsayi mita 3 ya ba da murabba'in mita 240. A cire ƙofofi da tagogi, a ce 30, saura 210. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'in mita, wato 2,625. A ƙara kashi 5 cikin 100 na fashewa da yanka, ya zama kusan 2,760. Bulo mai kaurin santimita 15 da aka buga yadda ya kamata yana fitowa 30 zuwa 35 a buhu guda, to buhu 86 ne ko kusa da haka. Mai buga bulo da ya ce zai fitar maka da 45 a buhu ya rage maka buhu 25 a takarda, amma bulon zai riƙa marmashewa tun a wajen ɗauka, ya sha ruwa da damina, kuma filasta ba za ta kama shi da kyau ba.

Filastar ma lissafinta a fili yake. Fuska biyu na wancan bango murabba'in mita 420 ne. In kaurinta santimita 1 da rabi ne, kowane murabba'i na cin kilo 6 na siminti, buhu 50 ke nan duka. In bango ya karkace har sai an kai santimita 2 da rabi kafin a daidaita shi, kilo 10 ne a murabba'i, buhu 84. Bambancin buhu 34 ya fito ne daga igiya da ma'aunin ruwan da magini ya yi ƙyuyar ɗauka watanni biyu da suka wuce. Shi ya sa ake duba miƙewar bango kafin a biya kuɗin ɗora shi, ba bayan an kira mai filasta ba.

Kankaren ginshiƙi da linta da dakin (rufin kankare) ana haɗa shi da kilo 350 na siminti a kubik mita guda, wato buhu 7, da yashi kamar lita 400 da tsakuwa lita 800. A aikace, buhu guda, baro guda na yashi, baro biyu na tsakuwa, in baron mai lita 60 ne kuma an share bakinsa ba a yi masa tozo ba. Ɗamarar kankaren da ke zagaye saman bangon nan mai mita 80, faɗi santimita 15 tsayi 20, kubik mita 2.4 ce, buhu 17. Rodi huɗu masu kaurin milimita 10 a cikinta mita 320 ne, sanda 27 masu tsawon mita 12, a ƙara biyu ko uku saboda haɗin baki, domin inda sanda biyu suka haɗu sai sun hau juna da ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu. Zoben rodi mai kaurin 6 a kowane santimita 20 zai kai 400, kowanne santimita 60, sanda 20 ke nan. Wanda ya zauna ya yi wannan lissafi sau ɗaya, ba mai sake gaya masa "rodi bai isa ba" ya miƙa kuɗi ido rufe.

Rodi kuma a sikeli ake gane shi. Sanda mai kaurin 12 da tsawon mita 12 nauyinta kilo 10.6 ne da ɗoriya, mai 10 kilo 7.4, mai 8 kilo 4.7. In an sayar maka da mai 11 da sunan mai 12, ido ba zai raba su ba, amma ƙarfen da ke ciki ya ragu da kashi 16 cikin 100. Arahar da aka yi maka ba ta kai wannan ba. Haka tifa: tifa ba ma'auni ba ce. A auna tsawon bodin motar da faɗinsa da tsayin yashin da ke ciki, a ninka, a biya a kan kubik mita.

Ƙasa ce ke yanke farashin harsashi

Zanen gida ɗaya ba ya cin kuɗi ɗaya a Ngaundare da Marwa da Kusiri. Jar ƙasar tudun Adamawa, inda Ngaundare take, galibi tana ɗaukar nauyi ba gardama. Filayen Diyamare, yankin Marwa, da na bakin kogin Logon kuwa cike suke da baƙin laka, wanda ake kira karal, ƙasar da ake dasa masakwa. Da damina tana kumbura, da rani ta tsage har hannu ya shiga. Gidan da aka kafa a kanta da harsashi marar zurfi yana hawa yana sauka tare da ita, sai a ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi ƙasa. Gyaran irin wannan tsaga ba ya ƙarewa, domin abin da ke jawo ta yana ƙarƙashin ɗaki.

Ga bene ko shaguna masu yawa, gwajin ƙasa a wurin Labogenie ko wani ɗakin gwaji mai izini shi ne kuɗi mafi amfani da za a kashe a aikin gaba ɗaya. Amfaninsa ta fuska biyu ne. In ƙasar ba ta da kyau, injiniya zai sa a zurfafa har a wuce inda laka ke motsi, a ɗaure harsashin da ɗamara, a yi daɓe a kewaye don kada ruwan indararo ya jiƙa gindin bango. In kuma tana da kyau, zai hana a binne rodi da siminti saboda tsoro kawai, abin da magina ke yi in ba su da tabbas.

Sai ciko. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a kwarin Binuwai, ko ta 2022 a Injamena, ko ta 2024 a Yagwa, ba sai an roƙe shi ya ɗaga daɓen gidansa ba. Amma a sa shi a takarda tun farko: ɗaga murabba'in mita 120 da santimita 60 yana buƙatar kubik mita 72 na ƙasa bayan an daddale, wato kusan 90 a bayan tifa, domin ƙasa na raguwa in ta sha dandaƙa. A zuba ta hawa-hawa, santimita 20 a kowane hawa, a yayyafa ruwa a daddale. In aka juye ta gaba ɗaya, tayil ne zai ba da labari bayan damina biyu.

Hanya da kalanda

Arewacin Kamaru yana da gata guda: masana'antar siminti ta Cimencam da ke Figil, tsakanin Garwa da Marwa. Rodi da kwano da tayil da kayan wuta kuwa mafi yawansu daga Duwala suke tasowa, a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko a tirela tun daga can, su gangaro ta tsaunin Mbe, su bi babbar hanya zuwa Garwa da Marwa, su wuce Mora da Dabanga zuwa Kusiri, na Cadi su haye gadar Ngeli. Kowace kilomita tana cikin farashin. Gas ɗin mota ya tashi daga sefa 575 a lita zuwa 720 a watan Fabrairun 2023, ya koma 828 a Fabrairun 2024. Ƙiyasin da aka rubuta kafin wancan lokaci aka zo aiwatarwa bayansa ya riga ya mutu a kan yashi da tsakuwa, domin su kusan duk kuɗinsu na ɗauko ne. Saboda haka kowace takardar ƙiyasi ta ɗauki kwanan wata da wa'adin da farashinta zai yi aiki, wata ɗaya ko uku.

Kayan da ke shigowa ta Mubi ko Yola suna da nasu lissafi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro guda, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka. Akwai riba a ciki wani lokaci, amma sai an haɗa da kuɗin kwastan da na mota, kuma a tuna cewa in tayil ya gaza da kwali goma, samun irinsa daga ƙetaren iyaka ba abu ne na yini guda ba.

Kalanda ma farashi ce. Da rani tifa na shiga tsakiyar rafukan Marwa, mayo Kaliyawo ko mayo Tsanaga, ta ɗebi yashi. Da ruwa ya sauka, daga Yuni zuwa Satumba, rafin ya cika, yashi ya yi wuya, leburori kuma sun koma gona. Mai dabara yana tara yashi da tsakuwa ya buga bulonsa kafin damina, ya yi ƙoƙarin rufe ginin kafin ruwan farko, ya bar aikin ciki ga watannin ruwa. Ranin ma ba kyauta ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kankaren da aka zuba da tsakar rana yana bushewa kafin ya yi ƙarfi. A zuba da asuba ko da yamma, a rufe da buhuna, a yi ta ba shi ruwa kwana 7 a ƙalla, a kuma tuna ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Ruwan nan na saye ne a unguwanni da yawa, amma da wuya ka gan shi a takardar ƙiyasi.

Masu tara kuɗi a hankali sukan tambaya ko su sayi kaya su ajiye. Rodi da kwano da bulo suna jira. Siminti ba ya jira: ko an ɗora shi a kan katako nesa da bango, ba a jera fiye da buhu 10 a tsaye ba, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara tafiya, da damina ma kafin haka. Wanda kuɗin buhu 80 ya shigo masa alhali bai shirya gini ba, gara ya mayar da su bulo.

Biyan ma'aikata

Biyan yini yana sa aiki ya yi tsawo, jinga tana sa a yi shi da gaggawa a ɓata. Kowanne da inda ya dace. Haƙa da buga bulo da ɗora bango da filasta a ba da su jinga a kan ma'auni, kuɗi kaza a murabba'in mita, da sharaɗin sai an duba an karɓa. Ɗaurin rodi da zuba kankare kuwa, inda kuskure ke ɓuya har abada, a tsaya a kai, kada a zuba sai wanda ya san aikin ya ƙirga rodin ya ga an ɗaga shi daga jikin katako da santimita 2 da rabi zuwa 3.

Doka guda ce ba ta da togiya: kada kuɗi ya riga aiki. Kafin alƙalami kaɗan ya halatta, amma daga nan biya ya riƙa bin abin da aka gama aka auna. Ranar da magini ya karɓi kashi 70 alhali aikinsa na kashi 40, ranar ya zama mai gida, kai ka koma mai roƙo, domin duk wani sabon aiki da zai samu a gari ya fi naka amfani a wurinsa. Ba lallai mugunta ba ce, lissafi ne.

Sauyin ra'ayi shi ne ɗaya ramin. Matsar da ƙofa a kan takarda ba ya cin ko sisi, matsar da ita bayan an zuba linta kuwa kuɗin gini ne da na rushewa da na sake gini. Uwargida ta ga zanen kicin da makewayi tun kafin a kafa igiya. Mai wuta da mai famfo su binne bututunsu kafin filasta. Duk sauyin da ya zama dole a rubuta shi da farashinsa da kwanakin da zai ƙara, kowa ya sa hannu, sannan a taɓa guduma.

Lambobi uku na kowane mako

Mafi yawan masu gini lamba biyu suke kallo: abin da aka ware da abin da aka kashe. Ta uku ce ke faɗin gaskiya, wato darajar aikin da ya tsaya a ƙasa. A ce an ware sefa miliyan 3 don bangon nan mai murabba'i 210. An kashe 1,900,000, mai gida ya ga saura 1,100,000 ya kwantar da hankali. A ɗauki tef a auna: murabba'i 105 aka ɗora, rabi ke nan, darajarsa a ƙiyasi 1,500,000. In babu bulo ko siminti da ya rage a sito, to kowace sefa 100 da aka kashe aikin 79 ta saya, kuma in aka ci gaba a haka bangon zai ƙare a 3,800,000. Wanda ya gano haka a rabin aiki yana da damar bincike: bulo ne ke fashewa, kwaɓi ne ke zuba a ƙasa, ko buhu ne ke fita ta bayan katanga? Littafin sito ne ke amsa wannan, shigar kaya da fitarsu kowace rana, a hannun wanda ba shi ne mai amfani da kayan ba.

A ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana a sabon gini, fiye da haka a gyaran tsoho, kuma kada a ɗauke shi kuɗin tayil mai tsada. A sa kuɗin da ba a ganinsu a jikin bango: takardar mallakar fili, izinin gini daga magajin gari wanda ake lissafa shi a kan ƙimar ginin, zane, mai gadi, jawo wuta da ruwa, ramin masai. Kammalawa kuma, daga filasta zuwa fenti, sau da yawa tana cin kwatankwacin abin da gangar jiki ta ci. Kangayen da ke tsaye a bakin linta shekara da shekaru a bayan garuruwanmu yawancinsu na waɗanda suka ɗauka rufi ne ƙarshen kashe kuɗi. In kuɗin rabin gida ne a hannu, a gina rabin a rufe a shiga, a bar rodin haɗi a lulluɓe da siminti mai rauni don kada ya yi tsatsa.

In ginin na neman riba ne, lissafin ya ƙaru da layi guda. A ce shago 6 sun ci miliyan 18, hayar kowanne 25,000 a wata. A baki shekara 10 ne uwar kuɗi ta dawo. A cire wata biyu na zaman banza a shekara da kashi 10 na gyara, abin da ke shigowa ya koma 1,350,000, shekarun sun haura 13, ba a ma taɓa haraji ba. In aikin ya zarce ƙiyasi da miliyan 4, sun haura 16. Kowane watan jinkiri kuma 150,000 ne da ba za su dawo ba.

Kwangilar gwamnati

Nan dokar kwangiloli ta 20 ga Yunin 2018 ce ke aiki a Kamaru, kuma ɗan kwangilar da bai karanta ta ba yana sa farashi a duhu. Kuɗin da aka sanar ya haɗa da harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, na kashi 19.25, don haka kwangilar miliyan 50 aikin miliyan 41.9 ce, kafin a cire harajin riba da kuɗin rajista.  Kuɗin somawa ba ya wuce kashi 20, kuma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya maka a kansa gaba ɗaya, tsayawar da ita ma biya ake yi. Ana iya riƙe har kashi 10 a matsayin jingina sai wa'adin garanti ya cika, galibi shekara guda. Ƙarin aiki a kan kwangila ba ya wuce kashi 30, kuma wanda aka yi da umarnin baki, komai girman mai bakin, babu layin da za a biya shi a kai. Kwangilar da wa'adinta bai wuce wata 12 ba ba a sake duba farashinta, ko da gas ya tashi a tsakiyar aiki.

Tarar jinkiri kashi ɗaya cikin 2,000 ce na kuɗin kwangila a kowace rana har kwana 30, daga nan ta koma ɗaya cikin 1,000. A kwangilar miliyan 50, jinkirin kwana 45 miliyan ɗaya da rabi ne. A kwana 115 tarar ta kai kashi 10, inda hukuma ke da ikon soke kwangilar. Ajin makaranta ko asibitin ƙauyen da aka ba da umarnin fara shi a watan Yuni, a wurin da tifa ba ta shiga sai Oktoba, ya fara cin tara tun ba a haƙa rami ba, sai fa in ɗan kwangila ya rubuta ya nemi a dakatar da ƙirga wa'adi, aka kuma amsa masa a rubuce.

Abin da ya fi karya ƙananan 'yan kwangila shi ne tazarar da ke tsakanin gama aiki da fitowar kuɗi daga baitulmali. Mai shagon da ya ba da siminti bashi yana ƙara farashi, banki na ƙirga ruwa, leburori kuma ranar Asabar suke so. Kafin a sa hannu, a zana wata-wata abin da zai fita da abin da zai shigo, a ɗauka biyan zai makara da watanni, a ga watan da ramin ya fi zurfi da inda za a samo abin cike shi. Kuɗin riƙe wannan bashi ya shiga farashin guda tun a takardar neman kwangila, tare da kuɗin garanti da na gwajin kankare da na kai kaya ƙauye. Wanda ya zaftare su don ya zama mafi araha zai nemo su daga baya a cikin buhu 7 ɗin nan na kubik mita, ya mayar da su 5, kuma kwamitin karɓar aiki na da ikon ƙin karɓa ya sa a rushe a sake da kuɗin ɗan kwangilar.